Ranar da Aka Shanya Faya-fayan Kawu

Na Allah ne mu, kuma can muka nufa gaba ɗayanmu. Kawuna, wan mahaifiyata, ya rasu a Doha a shekarar farko ta korona, a tsakiyar zafi, kuma ba a yi masa zaman makoki ba, don ba a bari a taru. A waya aka yi ta'aziyyarsa, kowa daga ɗakinsa. Ni ina kulle a masaukin kamfaninmu tare da sauran direbobi, an sa mai gadi a ƙofa. Mai gadin ma ɗan Katsina ne, yana hana ni fita yana yi mini gaisuwa.

Saƙonnin murya suka yi ta shigowa har wayata ta ɗauki zafi kamar an tsamo ta daga tukunya. Mahaifiyata ba ta iya cewa komai ba a nata saƙon, numfashinta kawai na ji da kukan kaji a bayanta. Wani ɗan Zariya da Kawu ya taɓa sama wa aikin gadi ya yi kuka har ya manta bai katse ba, na ji shi yana face hanci yana tambaya ko an rage masa shinkafa. Wani ustazu a cikinmu ya ce Allah Ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma a gaggauta rabuwa da faya-fayan kiɗan nan nasa kada su zame masa nauyi a kabari.

Wanda ya ba shi amsa shi ne Baban Zango, dattijo daga zangon Kumasi, abokin ɗakin Kawu a unguwar Al Asmakh tun kafin a gina rabin garin nan. Ya ce, da irin kiran da 'yan Gana ke yi wa namiji, "Massa, mutumin da ban taɓa ganin ya rasa sahun asuba ba, kai zancen faifai kake yi? Je ka gyara naka kabarin." Shi kaɗai a cikinmu ya ga jana'izar, shi ma daga bayan shinge. Ya ce waɗanda suka sa shi a rami fararen kaya suka sa tun daga kai har ƙafa, ba a ganin fuskar kowa, har ya rasa wanda zai yi wa godiya.

Gidan da suka zauna yanzu an kwashe mutanensa an yi masa fenti. Kwanan baya na bi ta layin, babu mutum ɗaya da ya san an taɓa yin wani Kawu a wurin. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, duk da gajiyar da ke bayana. An san ni da barkwanci da ƙarin gishiri, kuma ba zan iya canza hali a kan gawa ba. Kawu da kansa yakan ce idan na ba da labari a raba shi biyu, a zubar da rabi, sauran kuma a nemi shaida.

Kawu direba ne a wani gida a unguwar Nu'aija. Ya kai yaran gidan makaranta, ya kai su ɗaurin aurensu, ya dawo ya kai 'ya'yansu makaranta. Da idonsa ya yi rauni, kafil ɗinsa, wato mai gidan da ya ɗauke shi aiki, bai sallame shi ba, ya mai da shi bakin ƙofa yana buɗewa yana rufewa. Wannan shi ne aikin da ake biyansa. Abin da ya ba wa ransa kuwa faifan garmaho ne, irin baƙin nan mai faɗi da ake ɗora wa allura.

Ɗakinsu ƙarami ne, idan Baban Zango ya yi hamma sai Kawu ya janye ƙafa. Esin ɗakin tsohuwa ce, tana gurnani kamar tifa a kan tudu, sanyinta kuma kusurwa ɗaya kawai yake kaiwa. Kawu ya ba wa faya-fayan wannan kusurwar, shi ya kwanta bakin ƙofa yana zufa. Na ce, "Kawu, wai kai ne ɗan haya ko su?" Ya ce, "Ni idan na ji zafi zan tashi in sha ruwa. Su fa?"

A tsaye yake jera su, kafaɗa da kafaɗa, ya ce faifai ba ya kwanciya. Ba a taɓa fuskarsa da yatsa, ta gefe ake riƙe shi kamar kwanon miya mai zafi. Ranar Juma'a da safe yakan wanke waɗanda suka yi ƙura da ruwan ɗumi da ɗigon sabulu, ya goge su da wani tsohon rawani da ba a yarda kowa ya taɓa ba. Yana da na Hausa, na Gana, na Sudan, na Habasha, na Indiya. Ba ya jin Indiyanci ko kalma ɗaya, amma yana fassarawa da ƙarfin hali. Mace za ta ja murya, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Kun ji? Cewa take mijinta ya tafi Dubai bai aiko da ko sabulu ba."

Duk sabon zuwa daga gida, Juma'arsa ta farko a ɗakin Kawu yake yin ta. Ba ya yi wa kowa wa'azin haƙuri. Zai tambaye ka garinku, ya shiga kusurwarsa ya laluba, ya fito da kiɗan da ya fi kusa da can. Idan ba shi da na wajenku sai ya sa maka na Habasha ya rantse maka ai kusa ne. Ni watan da na zo na tashi komawa, na ma ɗaure jakata. Ya zaunar da ni, ya sa mini goge, ya miƙo mini dambun naman da matarsa ta aiko. Kafin allura ta kai tsakiyar faifan na kwance jakar.

Sun taɓa yin faɗa da Baban Zango. Baban Zango ya ɗora kofin shayin karak a kan kwalin wani faifai, kofin ya bar zobe a goshin wata mawaƙiya Basudaniya. Azumin shekarar gaba ɗaya Kawu bai yi masa magana ba. Suna ɗaki ɗaya, amma ni suke kira a waya ina can wani gefen gari. "Ka gaya wa mutumin Kumasi ya rage minshari." Kafin in ajiye wayar ɗayan ya kira. "Ka gaya wa kawunka minsharin ba a kan kwalinsa nake yi ba." Duk da haka kullum da shan ruwa Kawu zai fifita kunu ya tura masa kofi ba tare da ya kalle shi ba, shi kuma ya shanye yana kallon bango.

Da can, in ji Kawu, lungunan Al Asmakh cike suke da shagunan faifai da kaset. Ni na tarar da ragowarsu. Ɗaya bayan ɗaya suka koma shagunan waya, ko na aski, ko na sayar da caja. Duk shagon da zai rufe, Kawu yakan sa riga mai kyau ya ce mini, "Tashi, yau za mu gaisuwa." Zai zauna da mai shagon, su sha shayi, sannan ya dawo da kwali a kafaɗata. Na ƙarshensu na wani tsoho ne ɗan Kerala ta ƙasar Indiya, mai kiran Kawu "Haji". Ranar da ya rufe, Kawu bai sa kiɗa ba a ɗaki.

A cikin duk tarin nan akwai faifai ɗaya da ya fi kowanne daraja. Na wani makaɗin garaya ne ɗan ƙauyensu, wanda ya yi kiɗa a bikin Kawu da matarsa, wadda muke kira Inna. Sau ɗaya a rayuwarsa makaɗin ya je Legas aka ɗauki muryarsa, ya dawo ƙauye ya ci gaba da noma. Waƙar babu ita a waya, na nema har yatsana ya yi kanta. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci Kawu zai kira Inna a Kano, su gaisa, ya tambayi awaki, sannan ya kwantar da wayar kusa da garmaho ya ɗora allura. Mu kuma mu yi tsit kamar ana karanta wasiyya.

Da Kawu ya rasu, wakilin mai gidan hayarsu ya zo da takunkumi biyu a fuska ya ce duk abin da ke ɗakin mai cutar a fitar a zubar. Baban Zango ya tsaya a bakin ƙofa ya ce sai dai a fara zubar da shi. A lokacin kowa na cewa rana tana kashe cutar, kuma mu a gida haka muka saba: katifar majinyaci, tabarmarsa, kayansa, duk shanya su ake yi. Sai ya roƙa a bar shi ya shanya. Ya kwashi faya-fayan ya hau rufin gidan da su, ya zare kowanne daga kwalinsa don rana ta same shi sosai, ya jingina su da bango a tsaye yadda Kawu yake so. Niyyarsa su ɗan sha rana ya sauko da su kafin azahar. Bai kai ga haka ba ma'aikatan lafiya suka zo suka tafi da shi gwaji, daga gwaji aka killace shi.

Wanda bai san ranar Doha ta tsakiyar zafi ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Ni na taɓa barin silifas a bakin ƙofa na dawo na tarar da tabo biyu. Da aka sallami Baban Zango ya hau rufin, sai ya ga faya-fayan sun lanƙwashe kamar gurasar da ta kwana. Wasu sun manne da juna. Na makaɗin garayar bai narke ba, amma ya yi tudu da kwari, idan ka ajiye shi a ƙasa rawa yake yi.

Inna ba ta san wannan ba. Da ta fita takaba ta kira ni ta ce, "Kayan sawarsa ku yi sadaka da su. Garmahon ku riƙe. Faifan nan ɗaya kawai nake so, ka taho mini da shi idan za ka zo." Na gaya wa Baban Zango. Ya kama hannuna da hannu biyu. Hausar Zango ba ta raba mace da namiji, sai ya ce, "Ɗana, kada Inna ya ji. Ya ba mu amanar mijinsa, mijin ya mutu a hannunmu. Yanzu in ce masa faifan ma na kashe? Za mu samu wani. Duniya da faɗi."

Daga nan mutumin ya canza. Ya tura kwalin faya-fayan ƙarƙashin gado bai ƙara buɗewa ba. Ya daina zama cin abinci da mu. Ranar da Gana ta hana Nijeriya zuwa gasar kofin duniya, na kashe wayata don na san abin da ke jirana. Da na kunna, ko saƙo ɗaya babu daga gare shi. A nan na tabbata abin ya yi tsanani. Mutumin Kumasi ya samu Bakano a wannan hali ya ƙyale shi, ai wannan sai asibiti.

Tafiya gida ta yi ta ɗaguwa, da farko don annoba, daga baya don gasar da za a yi a nan Doha. Ana dab da farawa aka ce mazauna gidan Al Asmakh su tashi, baƙi na zuwa. Baban Zango ya koma unguwar Umm Salal kusa da masaukina, da garmaho a kai da kwali a hammata. Aikinsa kuma zai ƙare da ƙarewar gasar, zai koma Kumasi ke nan gaba ɗaya, ni kuma an yi mini alkawarin hutu. Idan ba mu samo faifan a wannan tsakanin ba, ni zan tsaya gaban Inna hannu wofi, shi kuma ya tafi da abin a ransa har kabari.

Muka shiga nema. Ina tuƙa bas ɗin 'yan kallo tun safe, Turawa da Larabawa da mutanen ƙasashen da ban san Allah Ya yi su ba suna buga ganga a kunnena, idan na sauka ƙafafuna kamar na aro. Da na samu rabin yini sai mu fita. Shagon ɗan Kerala ya koma na tutoci da ƙahon busa. Sabon mai shagon ya ji muna tambayar faifai ya ce, "Mafi, baba, mafi," wato babu, ya miƙo wa Baban Zango tutar Gana. Wani ya ce mu je wani babban kanti, can ana sayarwa. Muka je. Akwai kuwa, sababbi fil a cikin leda, an jera su kusa da turare, samari masu kuɗi suna ɗauka suna hoto da su. Yaron kantin ya yi kirki, ya ce mu faɗi sunan mawaƙin ya duba a kwamfuta. Baban Zango ya ce, "Mai garaya ne, yana noma gero." Yaron ya kalle mu, muka kalle shi, muka yi masa godiya.

Muka bi gidajen tsofaffin Sudanawa da Yamalawa da aka ce suna ajiye irin kayan. Mun sha shayi har na fara jin ƙamshin citta a zufata. Kowa ya san Kawu, kowa ya yi addu'a, babu mai faifan. A ƙarshe, a kasuwar 'yan gwanjo, tsakanin tsofaffin firji da ƙafafun gado, muka ci karo da ɗan Kerala da kansa, yana sayar da kayan gyaran esi. Bai san Haji ya rasu ba. Da ya ji, ya zauna a kan wani firji. Da muka gaya masa abin da muke nema ya girgiza kai, ya ce irin wannan faifan ba a sayensa a ko'ina, wanda ke hannunmu wataƙila shi kaɗai ya rage. Ya ce amma a gwada abu ɗaya: a sa shi tsakanin gilashi biyu, a ajiye a rana ta safe ta ɗan ɗumama shi, sannan a kai inuwa a danne da abu mai nauyi har ya huce.

Baban Zango ya ce, "Rana kuma? Khalas, an gama. Ba da ni ba."

Sai da na yi kwanaki ina lallashinsa. Lokacin sanyi ne, ranar ba ta da ƙarfi. Muka ciro gilasan wata tsohuwar taga muka hau rufi. Shi ya tsaya a kan faifan da lema a hannu kamar mai gadin jariri, kowane motsi sai ya ce, "Ya isa! Ɗauke!" Muka danne shi da buhun shinkafa. Da muka buɗe ya miƙe, ba duka ba, amma ya zauna a kan garmaho allura ta kama. Garayar ta fito, muryar ta fito, sai dai tana hawa tana sauka kamar makaɗin yana waƙa a kan raƙumi.

Na ce ai shi ke nan, mu naɗe in kai mata, ba za ta lura ba. Baban Zango ya ce a'a, ya gaji da ɓoyo, gara ta ji tun yana nan ta faɗi abin da za ta faɗa a kunnensa. Ranar Juma'a bayan masallaci na kira ta. Muka gaisa. Na ce, "Inna, ga faifanki za mu sa miki." Na kwantar da wayar, ya ɗora allurar. Waƙar ta tafi tana tangaɗi har ta ƙare.

Sai Inna ta ce, "Wa ya shanya shi?"

Baban Zango ya durƙusa a gaban wayar kamar tana ganinsa. Ya ce, "Ni ne, Hajiya. Ni na kai su rana. Cewa aka yi za a zubar, na ce bari in kashe cutar, sai na kashe su duka. Ka yafe mini."

Muka ji wani sauti, na ɗauka kuka take. Ashe dariya ce, ta yi ta har ta koma tari, muka ji tana cewa a miƙo mata ruwa. Da ta samu numfashi ta ce, "Malam, tashi, na san a durƙushe kake. Kana tsammanin ina na san ƙarar faifan da ya sha rana? Ina amarya ɗakinmu ya yi yoyo, faya-fayansa suka jiƙe yana wajen aiki. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na baje su kusa da kuɓewa, ina jiran ya dawo ya yaba mini. Wannan ɗaya ya tsira ne don yana aro a gidan maƙwabta. Mutumin nan ya daɗe yana cin tuwona ba ya ce mini sannu."

Baban Zango ya ɗago kai ya ce, "To daga baya ya yafe maka?"

Ta ce, "Ina fa! Sababbi ya tara, ya kwashe su ya gudu da su ƙasar Larabawa don kada in ƙara taɓa su. Ashe can ma akwai irina yana jiransu. Ku kawo mini shi yadda yake."

Baban Zango ya fashe da dariya, irin wadda ban ji daga bakinsa ba tun kafin annoba, ya yi ta har ya kife a kan tabarma, daga nan kafaɗunsa suka ci gaba da girgiza amma ba dariya ba ce kuma. Inna ba ta katse ba, ta jira shi. Ni na fita na ba su wuri.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa makwanci a wannan ƙasa da ba tasa ba, Ya sa abin da ya sanyaya wa baƙi ya zame masa inuwa. Mu da muka rage, da gajiyarmu da shirmenmu, Allah Ya sa mu cika da imani.